Man da Na Goge da Hannuna

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta wa mutane labari ba, karatu kawai na iya. Amma tun ranar Asabar abin nan ya tsaya mini a rai, kuma a gidanmu babu wanda zan faɗa wa maganar ba ta koma kunnen Gwaggo ba.

Sunana Fipe. Muna wani ƙauye ne a gabashin tsibirin Tongatapu, ni da Baba, mu biyu tun rasuwar Mama. Baba masunci ne, kuma yana da ciwon suga. Dutsen ruwa ya yanke shi a tafin ƙafa wata rana da ya je ɗaga raga, ya ce ɗan ƙarzane ne, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa. Kafin mu farga yatsu biyu sun yi baƙi. Likita ya ja ni gefe a barandar asibiti ya ce mini zaɓi biyu ne: ko a kai shi ƙasar waje, birnin Auckland, kafin wata ya ƙare, ko su yanke daga ƙasan gwiwa.

Da na faɗa wa Baba, dariya ya yi, ya ce to ai kifi ma ba shi da ƙafa kuma yana rayuwa. Da daddare na ji shi yana kuka a hankali, fuskarsa a bango.

Gwaggo Nanise ce ta yanke shawara. Yayar Baba ce, kuma a wurinmu in yayar uba ta yi magana, maganar ta zauna ke nan. Ta zo gidan da tabarmarta ɗaure a ƙugu kamar yadda muke yi in za mu coci, ta zauna a kujerar da ta fi kowace tsawo, ta ce za a yi gidauniya. Ba irin ta da ba, da ake cika zauren coci da mutanen ƙauye waɗanda aljihunsu bai fi namu nauyi ba. Masu abin hannun duk suna waje, rabi a Auckland, sauran a Sydney da Amurka. Don haka kai tsaye za a watsa a shafin ƙauyenmu, kowa ya kalla daga inda yake ya turo abin da ya samu.

Sannan ta juyo ta dube ni ta ce ni zan buɗe taron da jawabi, kuma ni zan yi tau'olunga, rawar da budurwa ke yi ita kaɗai a tsakiyar fili, dangi na tasowa suna manna mata kuɗi a jiki.

Na ce mata Sela ta fi ni iya rawa. Sela 'yarta ce, sa'ata, kuma in tana rawa har tsofaffi na manta da sandunansu. Ni kuwa ko karatun Littafi Mai Tsarki aka ba ni a coci takardar rawa take yi a hannuna.

Gwaggo ta ce, "Ƙafar uban Sela ce ke ruɓewa?"

Da haka aka tsayar da magana.

A nan ne Kelepi ya shigo. To, ya daɗe da shigowa, gaskiya. Yana gyaran waya a wani ɗan shago a Nuku'alofa, babban birninmu, kuma ya yi watanni yana zuwa gidanmu gyaran rediyon Baba, rediyon da babu abin da ya same shi. Dogo ne, mai magana a hankali, kullum da ɗan sukuddireba a bayan kunne. Mahaifiyarsa na Auckland, ban taɓa ganin ta ba. In na tambaye shi yaya take sai ya ce babba ce a ƙungiyar matan cocinsu, ya canja magana. Shi ya ce zai kawo kyamara da fitilu, ba ya son ko sisi.

A ranar ya turo mini saƙo: "Kada ki ji tsoro. Ki ɗauka da ni kaɗai kike magana."

Na rubuta masa: "Ai wannan ya fi ban tsoro."

Ya turo fuskar dariya, ni kuma na kwana ina sake karantawa kamar wata sakarai.

Abin da na iya shi na yi. Na zauna na karance duk abin da aka rubuta kan yadda ake magana a gaban kyamara. Ki kalli idon kyamarar, kada ki kalli hotonki. Haske ya zo daga gabanki. Ki faɗi abin da ake nema tun da wuri, ki kira sunan wanda ya bayar ya ji daɗi. Kuma kusan kowane shafi sai ya maimaita abu ɗaya: kada fata ta yi ƙyalli, a shafa hoda, a goge maiƙo, domin fuska mai ƙyalli tana sa mai kallo ya wuce.

Ranar Juma'a da la'asar muka yi gwaji a zauren coci. Gwaggo ta kawo manta, man kwakwa da ita da kanta ta matse ta jiƙa shi da furanni ta shanya a rana har ya yi ƙamshin da ke bin mutum gida. Ta shafa mini kaɗan a hannu da kafaɗa don a ga yadda zai fito. Kelepi ya kunna fitilu, ya leƙa kyamara, sai ya tuntsire da dariya. Ya juyo mini da allon. Babu ni a ciki. Wani farin abu ne kawai mai siffar mutum, kamar kwanon rufi da tsakar rana.

Ya ce, "Fipe, mutane ba sa ba fitila kuɗi fa."

Wasa yake. Nan take ya ce zai matsar da fitilun gobe, kada in damu. Amma ni maganar ta zauna mini. Na kwana ina ganin mutanen Sydney suna buɗe shafin, su ga farin haske, su ɗaga yatsa su wuce, su tafi da ƙafar Baba.

Kada ku ce ban san abin da tsofaffinmu ke faɗa ba. Na sani. Suna cewa mai yana tsayawa ne a jikin yarinyar da ta tsare kanta, ya yi ta sheƙi har ta gama rawa. Wadda kuwa ba ta tsare ba, fatarta shanye shi take. Tun ina ƙarama nake jin wannan. Sai dai na ɗauka maganar da ce, irin wadda ake faɗa ana dariya wurin dukan ɓawon itacen da muke yin zane da shi. Na yi karatu da yawa har na manta da mutanen da zan yi wa rawar.

Ranar Asabar tun da hantsi aka fara shirya ni a ɗan ɗakin da ke bayan zauren. Rigar ta ngatu ce, zanen ɓawon itace, wadda Mama ta yi rawa da ita tana budurwa. Gwaggo ta sake ɗinke bakinta da ƙananan wuri da jajayen 'ya'yan itace. Aka ɗaura mini ganye a wuyan hannu da idon sawu, aka soka farin gashin tsuntsu a tsakiyar kaina. Sela na ta tsokana wai yau ɗakin karatu ya fito kasuwa. Daga ƙarshe Gwaggo ta buɗe kwalbar man. Ba shafawa ta yi ba, zubawa ta yi, daga kafaɗa har yatsu, daga gwiwa har diddige, sai da man ya riƙa ɗiga a siminti. Ta ja da baya ta dube ni, ta ce na yi kama da Mama, sannan ta fita da sauri zuwa teburin da za a riƙa karɓar saƙonni.

Sela ma ta bi ta. Na rage ni kaɗai, da tawul rataye a ƙusa.

Na goge man tas. Hannu, kafaɗa, ƙirji, ƙafa. Na ɗauko hoda a jakata na bi fuskata. Har daɗi na ji a raina, wai ni mai dabara.

Mutanen cikin zauren ba su da yawa. Dattawa na zaune a da'ira gefe guda da akushin kava, abin shanmu na gargajiya, a tsakiyarsu da jita a cinya, mata a ɗaya gefen, Baba a keken guragu a gaba, an rufe masa ƙafar da tabarma mai laushi. Kelepi ya ɗaga mini yatsa. Na kalli idon kyamarar kamar yadda na karanta.

Jawabin ya yi kyau, ni kaina na yi mamaki. Na gaida na waje gari-gari, na ce musu ga Baba, wanda ya koya wa rabinsu ninƙaya kafin su hau jirgi su bar mu. Na faɗi abin da likita ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Muryata ta yi rawa amma ba ta faɗi ba. Kafin in rufe baki Sela ta fara karanto sunaye daga tebur, wane daga Auckland, iyalin wane daga Sydney, mata na tafi. Baba ya sunkuyar da kai.

Sai dattawa suka ɗauki waƙa, na haɗa gwiwoyina na fara rawa.

Tsohuwa Pisila, maƙwabciyarmu, ita ta fara tasowa. Ta zo tana rangaji da takardar pa'anga, kuɗin ƙasarmu, a hannu, ta manna mini a damtse kamar yadda ake yi.

Takardar ta zame ta faɗi ƙasa.

Ta ɗauka, ta sake mannawa a kafaɗata, ta danna da tafin hannu. Ta sake faɗuwa. A duk karatun da na yi, ban tsaya na tuna cewa man ne ke riƙe kuɗin ba. Pisila ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta ajiye takardar a gabana a hankali kamar mai ajiye abu a kan kabari, ta koma ta zauna. Babu wadda ta sake tasowa.

Mai rawa ba ta daina murmushi. Na ci gaba da juya hannu, haƙorana a waje, ina kallon Kelepi a bayan kyamara. Yana karanta abin da ke gudu a ƙasan allon, fuskarsa tana sauya launi. Muryar Sela ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke.

Ana gama waƙar Sela ta ja ni zuwa ɗakin baya ta miƙo mini waya. Ga abin da masu kallo ke rubutawa:

"Ina man ya tafi?"

"Allah sarki Nanise, ta yi wahalar banza."

"Shiru-shiru ɗin nan su ake tsoro."

Wata mai hoton farin fure a maimakon fuska ta rubuta: "Kyamara ba ta ƙarya. Ku tambayi wanda ke bayanta, an ce kullum yana gidan."

Ƙarƙashin wannan ne aka fi taruwa. Wani kawunmu na Sydney, wanda shi muka fi sa wa rai, ya rubuta cewa zai dakata tukuna sai ya yi magana da Nanise. Sela ta ce tun da takardar ta faɗi babu wanda ya sake turo komai, kuma masu kallo ƙaruwa suke yi, ba raguwa ba. Kallon ne ya canja.

Gwaggo ta shigo ta rufe ƙofa. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta sa yatsa ɗaya ta shafi damtsena, ta ɗaga yatsan ta duba. Sannan ta ce wa Sela ta je ta gaya wa yaron nan ya kashe kayansa.

Na tare ƙofar. Ban taɓa tsayawa a gaban Gwaggo ba tun da aka haife ni. Na ce mata in aka kashe yanzu an yanke ƙafar Baba ke nan, domin babu wanda zai sake buɗe shafin nan da niyyar bayarwa. Na fizgo tawul ɗin daga ƙusa na nuna mata, jiƙe sharkaf, yana ƙamshin furanninta. Na gaya mata abin da na karanta da abin da na yi.

Ta dubi tawul ɗin. Ta ce na Amurka ba sa jin ƙamshi ta waya.

Na ce to ta zo ta sake zuba mini a gabansu.

Ta matso kusa har ina jin numfashinta, ta yi ƙasa da murya don kada Sela ta ji. "Fitilun nan na da zafi. In na zuba ya bushe a gaban duniya, babu mai ɗaga kai a gidanmu har jikokinki. Fipe, kin tabbata?"

Duk abin da aka rubuta a waya bai yi mini ciwon tambayar nan ba. Ita ta yi mini wanka ranar da aka binne Mama.

Na ɗauki kwalbar da hannu ɗaya, tawul da ɗaya, na fita.

Dattawa na kaɗa wata waƙa don cike gurbi, suka tsaya da suka gan ni. Kelepi ya girgiza mini kai, yana nuna mini da hannu wai zai juya kyamarar wani gefen. Na ce ya bar ta a kaina. Na matsa har sai da fuskata ta cika allon, da hodar da hawaye suka tsaga.

Ban tuna komai daga abin da na karanta ba. Na ce, "Ni ce Fipe. Gwaggona ta zuba mini mai har ya ɗiga. Ni na goge shi da wannan tawul ɗin, saboda na karanta cewa ƙyalli na hana a ga fuska, kuma na ji tsoron kada ku wuce ba ku ga Babana ba. Wauta ce, tawa ce ni kaɗai. In kuna da magana a kaina, ku ajiye ta sai ya dawo da ƙafarsa, zan tsaya ku faɗa mini. Amma shi bai goge komai ba."

Na miƙa kwalbar wajen ƙofar ɗakin baya. Gwaggo na tsaye a bakinta, ba ta motsa ba. Hannuna ya fara gajiya. Wani kare ya yi haushi a waje, har shi sai da aka ji.

Sai Baba ya yi magana. Shi da bai taɓa ɗaga ido ya ba yayarsa umarni ba.

"Yaya, zuba mata. Na san 'yata."

Gwaggo ta taho. Ta karɓi kwalbar, ta cire murfin da haƙori ta tofar, ta juye mini ita gaba ɗaya, har ɗigon ƙarshe sai da ta girgiza. Man ya bi wuyana, ya bi bayana, ya shiga cikin rigar Mama. Sannan ta shafa mini a fuska da hannunta.

Kelepi ya yi raɗa daga bayan kyamara cewa hoton ya tafi, fari ne kawai, ba a ganin ko hancina.

Na ce, "Shi suke so su gani."

Dattawa suka sake ɗaukar waƙar daga farko. Ban san yadda na yi rawar ba. Na san ƙafata na zamewa a siminti, idona na yaji. Ina tsakiyar baiti na biyu na ga babu kowa a bayan kyamara. Kelepi ya baro ta, ya zagayo gaba inda kowa zai gan shi, ya zaro takarda daga aljihun rigarsa ya manna mini a kafaɗa.

Takardar ta zauna.

Bai koma ba. Ya tsaya a bayana ya fara irin rawar haukar da maza ke yi don girmama mai rawa, yana tsalle, yana dukan ƙasa da tafin hannu, yana birgima. Allah ya sani bai iya ba, kamar doki a kan laka, har sukuddireban ya fita daga kunnensa. Pisila ce ta fara dariya, ta taso ta ɗauki takardarta da ke ƙasa ta manna mini a goshi. Daga nan ban sake ganin komai ba sai hannaye. Ta cikinsu nake jin Sela na kwarara sunaye, muryarta na dusashewa, har da na kawunmu na Sydney. Aka turo keken Baba tsakiyar fili, yana tafi, yana kuka a fili wannan karon.

Da yamma, muna ɓamɓare takardu daga jikina a ɗakin baya, Gwaggo ta ce kujerar jirgi ta samu, abin da asibitin can ke nema kafin su karɓe shi ma ya samu. Ni zan raka shi, mako mai zuwa. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta dai tsefe mini kai da kanta, abin da ta daina tun ina firamare.

Abu ɗaya ya rage: masauki. Jinyar za ta ɗauki watanni, kuma danginmu na Auckland duk a cunkushe suke, wasu har a gareji suke kwana.

Jiya Lahadi, bayan an taso daga coci, muna cin doya da ganyen gwaza, Gwaggo ta ce wannan ma an gama. Wata mata ta kira ta, ta ce tana da ɗaki babu kowa, kusa da asibitin, ba ta son kuɗin haya. Gwaggo ta riga ta karɓa ta yi godiya, ta ba ta lambata. Baba ya ɗaga hannu sama ya ce har yanzu da sauran mutanen kirki.

Ina wanke kwanuka wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na goge hannuna na buɗe.

"Fipe, ni ce Tupou, mahaifiyar Kelepi. A gidana za ku sauka ke da mahaifinki. Na kalli taronku daga farko har ƙarshe. Abin da aka zuba a gaban fitila dole ya yi ƙyalli. Ni a kusa nake son in ga mutum."

Na danna hoton da ke jikin lambar. Farin furen nan ne.

Na tura wa Kelepi hoton, na rubuta: "Ka san ita ce tun jiya, ko?"

Alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa. A cikin ɗaki kuwa ina jin Baba yana tambayar Gwaggo ko takalminsa na zuwa coci zai yi a can, wai yana so ya tafi da ƙafa biyun duka, tunda da biyu zai dawo.